RABON IDO: MAKI UKUN SUNDUS

Shafi na 19

Masu zagina a ƙarƙashin shafin jiya, wai na bar Afaf tana kuka a matattakala na tafi harkata, ku sassauta min, ni ma ba daɗi na ji ba. Ke kuma mai cewa ta tattara kayanta ta bar wa Mahrus gidansa, Allah ya shirye ki, aure shekara goma sha shida ba rigar aro ba ne. Ku gyara zama.

*

Sha biyu ta ɗan gota, ranar Alhamis. Afaf na zaune a ofishin malamai, ta rungume jakarta a cinya kamar za a ƙwace.

A cikin jakar akwai takardar likitan garin Mansura, wanda ya ce a kai masa 'yarta Sundus ranar Asabar a ɗauki hoton kanta.

Wata huɗu ke nan ana abu ɗaya. Yarinyar da ta fara karanta rubutun jikin motoci tun tana shekara uku, wadda ke gyara wa ubanta awon katako da ka tun ba ta iya ɗaura takalmi ba, yau tana shekara goma sha huɗu ita ce ke faɗuwa tambayar da ɗan aji uku zai amsa yana wasa.

Mahrus kuwa ya riga ya yanke hukunci: Afaf ce ta ƙona wa 'yarsa kai da karatu. Takardar amincewar uba, wadda sai da ita za a sa Sundus cikin masu neman makarantar kwana ta masu hazaƙa, ya ce hannunsa ba zai taɓa ta ba. Kuma yau ƙarfe biyu ofishin ilimi na lardin Dumyat zai rufe karɓa.

Abin da ya fi cin Afaf, ita ma ta fara yarda cewa laifinta ne.

Abla Nagwa, malamar lissafi, ta turo ƙofa da kafaɗa, hannunta cike da takardu.

"Ummu Sundus, an ba ki shayi?"

"Abla, don Allah ki faɗa min kawai. Ko mene ne, na shirya."

"Ba ki shirya ba. Matso kusa."

Ta baza takardu tara a kan tebur, ta ɗora tabarau a karan hanci.

"Na bi malamai ɗaya bayan ɗaya na karɓo gwajin 'yarki na wata huɗu. Karanta min makin."

Afaf ta ɗauki ta farko.

"Arba'in da bakwai cikin hamsin."

"Gaba."

"Talatin da bakwai cikin arba'in."

"Gaba."

"Saba'in da bakwai cikin tamanin... Abla, ai na san duk wannan. Ta ragu."

"Da nawa ta ragu?"

Afaf ta sake bin takardun da yatsa.

"Uku."

"Waccan fa?"

"Uku... nan ma uku."

Abla Nagwa ta buga tebur har cokalin shayi ya yi tsalle.

"Shekara ashirin da shida ina riƙe da jan biro! Na ga daƙiƙi, na ga malalaci, na ga mai rubuta amsa a tafin hannu. Ban taɓa ganin ciwon da ke cin maki uku cif a kowace takarda ba, ba ƙari ba ragi. Wane irin ciwo ne wannan, mai yawo da sikeli?"

Malamar ta jawo takarda ɗaya.

"Duba nan. Tambayar ƙarshe, wadda na sa don in sauke wa masu ji da kansu girman kai. Ni da na tsara ta sai da na yi ta sau biyu. 'Yarki ta warware ta a layi huɗu, ta hanyar da ba ni na koya mata ba. To dawo nan sama. Bakwai sau takwas, me ta rubuta?"

"Hamsin da huɗu."

"Juya bayan takardar, inda suke gwada lissafi kafin su kwafa."

Afaf ta juya. Ga shi nan da ƙaramin rubutun Sundus, ƙarara: hamsin da shida.

"Da gangan take yi, Ummu Sundus. Sai ta gama komai daidai, sannan ta zauna ta zaɓi inda za ta ɓata. Ko ɓatawar ma da lissafi take yin ta."

"Abla... kina nufin lafiyarta ƙalau?"

"Ta fi ni da ke lafiya."

"Kanta ba abin da ya same shi?"

"In akwai kan da ke bukatar hoto a makarantar nan, nawa ne, da na yi wata huɗu ban gano ba."

Wayyo! Wani abu da ya tokare wa Afaf ƙirji tun farkon sanyi ya sauka lokaci ɗaya. Ta sumbaci tafin hannunta, ta juya ta sumbaci bayansa, ta ɗora a goshi, tana ta jera alhamdulillahi. Dariya ta zo mata, kuka ya biyo, ta rasa wanne za ta fara. Ba ita ta lalata 'yarta ba. Wallahi ko a nan aka tsaya, ta gode wa Allah.

"Share fuskarki," in ji Abla Nagwa. "Da sauran aiki. Jarrabawar ƙarshe saura kwana goma, kuma makarantar can ba ta kallon wanda ya zubar da uku a kowane darasi. In ta yi wannan wasan a can, shi ke nan. Na aika a kira ta."

Sundus ta shigo, 'yar siririya, tabarau ya cinye rabin fuska. Tana ganin takardun a baje ta tsaya cak.

"Zo nan, 'yar albarka," in ji Afaf. "Me ya sa?"

Sundus ta kawar da kai.

"Sundus, wata huɗu ba na barci. Na kai ki wurin likita uku. Ni da babanki har mun daina cin abinci a faranti ɗaya. Me ya sa?"

Idon yarinyar ya ciko.

"Ba zan iya faɗa ba, Mama."

"Wani ya tsorata ki?"

"Na dafa Alƙur'ani. Na rantse zan yi, na kuma rantse ba zan faɗi wanda ya sa ni ba."

Abla Nagwa ta yi salati.

Sundus ta gyara tabarau, ta yi ƙasa da murya.

"Amma ban rantse ba zan ce a'a ba, in an ambaci wanda ba shi ba ne."

Malamar ta kalli Afaf. "Kin ji ko? Wannan ce mai ciwon kai."

Afaf ta riƙo hannun 'yarta.

"Babanki ne?"

"A'a."

"Wata malama?"

"A'a."

"Ƙawarki 'yar gidan mai alewa?"

"A'a, Mama."

Zuciyar Afaf ta riga bakinta isa wurin.

"Teta ce? Kakarki?"

Sundus ta sunkuyar da kai, ta ƙura wa takalminta ido.

Kai, Afaf! Ina hankalinki ya tafi? Shekara goma sha shida tana gidan nan tana gani. Duk kayan ɗakin amaryar da Mahrus ya gama sassaƙawa, komai kyansu, ba sa fita daga shago sai mahaifiyarsa, Hajja Fathiyya, ta sauko da ƙusarta ta karce ƙarƙashin kujera ɗaya. Wai rabon ido ke nan. Abin da ya cika ya yi kyau ba aibu, ido ke cinye shi, gara a ba idon nasa tun da wuri.

Ashe tsohuwar ba a kujeru kaɗai ta tsaya ba.

"Abla, ki ba ni aron ta."

"Ɗauke ta. Biyu saura nawa, kin sani."

*

Tuktuk, keken haya mai ƙafa uku, ya sauke su a bakin shago ƙarfe ɗaya daidai. Mahrus na duƙe kan ƙafar gado yana fitar da fure, garin katako har cikin gashin girarsa.

Ya ɗago. "Lafiya? Me ya fito da ita yanzu? Jikin ne?"

"Hau sama."

"Afaf, in maganar takardar nan ce, na gama magana. Ba zan tura yarinya marar lafiya..."

"Abu Sundus, na ce ka hau sama wurin mahaifiyarka."

Bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ya ajiye ƙarfen sassaƙa ya bi su.

Hajja Fathiyya na zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa, tire a gabanta tana yanka lalo, agwagwa na tafasa a kicin. Ta dubi Afaf, ta dubi jikarta, ta ci gaba da yankanta.

"Kun dawo da wuri. Miya ba ta yi ba."

Afaf ta zube takardun tara a kan tabarma.

"Hajja, bakwai sau takwas nawa ne?"

"Ni kike tambaya? Ni boko na yi?"

"Jikarki ta ce hamsin da huɗu. Ta kuma san hamsin da shida ne. Wa ya sa ta dafa Alƙur'ani?"

Wuƙar ta tsaya.

"Ke, kin karya rantsuwa?"

"Ban faɗa ba, Teta. Wallahi ban faɗa ba."

"Ba ta faɗa ba," in ji Afaf. "Ta yi shiru ne a inda ya kamata."

Mahrus ya dubi wannan ya dubi waccan. "Wai me ake ciki ne? Wace rantsuwa?"

"'Yarka lafiyarta ƙalau. Da gangan take zubar da maki uku a kowace takarda. Rabon ido."

Ya dafa bango.

"Umma?"

"Eh, ni ce." Hajja ta ture tiren gefe. "Ni ce, kuma ko yau aka sake, zan sake. Me kuke zare min ido?"

"Hajja, kina kallo muna yawon asibiti!"

"Asibiti ya taɓa kashe wani? Gara a ce ba ta da lafiya a tausaya mata, da a ce ta fi kowa a sa mata ido. Ke ba kya jin abin da ake faɗa a layin nan? 'Yar Mahrus kaza, 'yar Mahrus kaza. Matar mai gasa burodi ta tsaya a ƙofar nan ta ce kan yarinyar nan ba irin na mutane ba ne, ko masha Allah ba ta ce ba! A daren Sundus ta kwana da zazzaɓi. Ƙarya nake?"

"Mura ce ta yi, Hajja. Duk ajinsu sun yi."

"Mura! Haka kuke cewa."

"Maki ukun nan zai hana ta makarantar da take mafarki tun tana aji huɗu."

"To ya hana! Ta zauna a gabana tana numfashi. Na taɓa haifar na ɗaya, Afaf. Ke ba ki san komai ba."



Afaf ta san sunan, ta san hoton da ke rataye saman talabijin, amma a gidan nan ba a buɗe zancen Midhat. Ƙanin Mahrus ne, ya rasu tun kafin a kawo ta.

"Na ɗaya a duk lardin Dumyat," in ji Hajja. "Yana shekara goma sha biyar. Ubansu ya ɗauko masu ganga. Na yi guɗa har muryata ta dushe, na raba jan sharbat tun daga nan har bakin kogi. Aka rubuta sunansa a allon ofishin ilimi, kowa ya je ya gani. Ban rage wa ido komai ba, ko ƙwayar gishiri ban watsa ba. Kwana arba'in bai cika ba tekun Ras al-Barr ya maido min da shi a kan tabarma. Shi ne za ku ce in zuba ido a sake?"

Afaf ta ji fushinta ya sace. Me za ka ce wa uwa a nan?

Sai ta ji Mahrus ya ce, "Ba ido ba ne, Umma."

"Rufe min baki."

"Ba ido ba ne."

Ya durƙusa a gabanta, garin katako na zuba daga rigarsa kan tabarma.

"Shekara ashirin da huɗu ina ɗauke da shi. Ranar nan an kafa baƙar tuta a bakin ruwa. Mai usur, mai gadin bakin tekun, ya hana kowa shiga. Midhat bai so shiga ba, yana zaune kan yashi da littafinsa. Ni ne..."

Ya share fuska da bayan hannu.

"Ni aka cire daga makaranta aka sa a shago, shi ake yi wa ganga. Haushi nake ji, Umma. Na ce masa, na ɗaya a takarda, na ƙarshe a ruwa. Na faɗa a gaban abokaina, suka yi dariya. Ya ajiye littafin ya tashi."

Sundus ta toshe baki da hannu.

"Da kika ce ido ne, na yi shiru, don idon ya rufa min asiri. Da yarinyar nan ta fara raguwa, wallahi wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji. Na ce shi ke nan, ba za ta zama shi ba. Na ɗora wa Afaf laifi don ya fi sauƙi. Ni na kashe miki ɗa, Umma, ba matar mai burodi ba."

Afaf ta zauna a hannun kujera. Mutumin da take kwana da shi ɗaki ɗaya, wanda ko ranar Idi ba ya yarda a je bakin teku, ita tana cewa rowa ce irin ta mutanen Dumyat.

Ta jira ihu. Ta jira mari.

Hajja Fathiyya ta goge hannunta a gefen riga, yatsa bayan yatsa.

"Ka gama?"

"Umma..."

"Mai usur ɗin, wani dogo mai karyayyen haƙori. Ranar uku ya zo gaisuwa. Ya ja ni gefe a matattakalar nan ya faɗa min duk abin da ka ce, har da dariyar."

Mahrus ya ɗago kai a hankali.

"Kin... kin sani?"

"Tun kafin a ɗauke rumfar makoki."

"Shekara ashirin da huɗu?"

"To me kake so in yi, sakarai? Na leƙo ta taga na gan ka a shago, kwana uku ba ka ci ba, kana kallon zarto kamar mai shawara da shi. Na rasa ɗaya. In na ce kai ne, na rasa biyu. Sai na fito tsakiyar mata na ce ido ne, ido ne ya cinye min ɗa. Na faɗa don ka ji. Na yi ta faɗa, na yi ta faɗa..."

Ta share ido da bakin mayafi.

"...har ni ma na yarda."

Mahrus ya kifa kansa a cinyarta. Ƙato mai shekara arba'in da uku, yana kuka kafaɗu na girgiza, ita kuma tana kakkaɓe masa garin katako daga gashi tana faɗa.

"Yaro ne kai, ɗan goma sha tara, bakinka ya fi hankalinka. Kwanansa ne ya ƙare. Na yafe maka tun kafin ka san na sani. Tashi, kana ɓata min riga."

Afaf ba ta san tana kuka ba sai da Sundus ta miƙo mata gefen hijabinta.

Can Mahrus ya ɗago, ya juyo wajen matarsa, idanu jajur.

"Afaf, abin da na faɗa miki a matattakala jiya..."

"Bari. Za ka biya, amma ba yau ba."

Sundus ta matso gaban kakarta, ta tsuguna.

"Teta, rantsuwar fa? Ni ba zan karya ba sai kin ce."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Ta kama haɓarta ta juya fuskar wajen haske.

"Goshinsa ne sak. Shi ya sa na tsorata." Ta ja numfashi. "Ana zaluntar yara a makarantar can? Ana ba su abinci?"

"Sau uku a rana, Teta. Ana dawowa gida duk Alhamis."

"Abincin gwamnati," in ji Hajja, ta taɓe baki. "To. Ni na ɗaura, ni na kwance. Kaffara a wuyana, miskini goma, agwagwa biyu za ta ishe su. Ranar jarrabawa kada ki bar musu ko rabin maki. Amma in sakamako ya fito ba mai kawo min ganga layin nan."

"Ba ganga," in ji Afaf da sauri.

"Kuma zan watsa gishiri."

"Buhu guda, Hajja, ni zan sayo."

Sundus ta faɗa jikin kakarta har tiren lalo ya kusa kifewa.

Mahrus ya duba agogon hannunsa ya zabura.

"Biyu saura ashirin da biyar! Afaf, ina takardar? Kawo biro!"

Afaf ta ruga bene na sama. Kan firji ta ajiye ta tun makon jiya, ta danne da kwalbar zuma. Ta ɗaga kwalbar: wayam. Ta leƙa bayan firji, ta zazzage aljihun tebur, ta ɗaga katifa. Ta sauko tana haki.

"Babu! Sundus, kin ɗauka?"

"A'a, Mama."

"Abu Sundus, ka yaga ta ne?"

"Wallahi ko taɓa ta ban yi ba."

Sai suka lura Hajja ta koma yankan lalo da wani irin ƙwazo, lalon da ya riga ya yi laushi tuntuni.

"Umma?"

"Mm?"

"Kin ga wata takarda mai hoton Sundus?"

"Takardu ai da yawa a gidan nan."

"Umma!"

Ta ajiye wuƙa. Ta cusa hannu ƙarƙashin matashin da take jingine, ta jawo takarda a ninke, ta miƙa tana kallon taga.

Afaf ta warware.

Innalillahi!

Sama lafiya lau: ga hoton Sundus, ga lambarta, ga hatimin makaranta. Amma daga tsakiya zuwa ƙasa, daidai inda uba ke sa hannu, an bi da almakashi an fitar da 'yar tsana: kai, hannu biyu a buɗe, ƙafa biyu.

"Hajja... me ke nan?"

"Juma'ar da ta wuce ce, da na ga yarinyar ta rame. Na yanka mata 'yar tsana, na huda da allura, daga idon wance, daga idon wane, na bi layin nan gida gida ban tsallake kowa ba. Na ƙona da alif a kasko, na kewaya kanta sau bakwai tana barci."

"Duk takardun duniya ba ki samu ba sai wannan?"

"Mai kauri ce, tana yankuwa da kyau! Na kuma ga hotonta a kai, na ce za ta fi kama jiki. Na san mece ce? Wa ya karanta min?"

"Ina 'yar tsanar?" in ji Mahrus. "Ko a liƙa?"

"Na ce maka na ƙona. Da wane yare zan faɗa?"

Sundus ta leƙa ta kafaɗar uwarta.

"Kowane ɗalibi guda ɗaya ake ba shi, Baba. Da lambarsa a jiki."

Afaf ta dubi ramin, ta dubi mijinta da biro a hannu ba wurin sa hannu. Wata dariya ta taso mata tun daga ciki, ta kasa danne ta. Awa biyu da suka wuce tana shirin kai 'yarta a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Yanzu matsalarta takarda ce mai rami. Allah na gode maka, irin wannan matsalar a kawo dubu.

"Kina dariya?" in ji Mahrus. "Saura minti ashirin!"

"Ɗauko min baƙin mayafina," in ji Hajja.

Duk suka juyo.

"Da sandata. Ni na yanka, ni zan je in faɗa musu da bakina."

"Umma, ofishin ilimi ne fa."

"Na ji."

"Allon yana nan a bakin ƙofa. Ba su cire ba."

Kowa a gidan ya sani. Shekara ashirin da huɗu Hajja Fathiyya ba ta bi ta wannan titin ba. Ko asibiti za a kai ta sai an zagaya ta bayan kasuwar kifi.

"Na ce na ji. Afaf, kashe wutar agwagwar nan. Kai kuma kakkaɓe jikinka, za ka shiga ofishin gwamnati kamar buhun dusa."

Su huɗu suka cusu cikin tuktuk ɗaya, Sundus a cinyar uwarta, Hajja na dukan bayan kujerar direba da sanda.

"Taka, ɗan nan! Gawa ka ɗauko?"

Biyu saura uku suka tsaya. Mai gadi ya riga ya jawo ƙofar ƙarfe, saura taki ɗaya ta haɗe. Hajja ta zura sandarta a tsakani.

"An tashi, Hajja. Sai Lahadi."

Ba ta ko dube shi ba. Idonta na kan bango, kan dogon allon katako mai rubutun ruwan zinare da ya fara kodewa. Ba ta iya karatu ba, amma yatsanta ya tafi kai tsaye layi na bakwai.

"Sundus, karanta min nan. Da ƙarfi."

"Midhat Abdul-Gawad Shata. Na ɗaya a lardi."

Hajja ta gyaɗa kai sau biyu. Ta juyo ga mai gadi, ta ɗaga murya har masu jiran mota a tsallaken titi suka waiwayo.

"Ka ji? Ɗana ne, ni na haife shi. Wannan kuma jikata ce, ta fi shi kai nesa ba kusa ba. Na faɗa, duk mai ido ya kalla. Buɗe!"

Afaf ta ji tsikar jikinta ta tashi. Mahrus ya kawar da fuska.

Mai gadi ya ja da baya.

A ɗaki na biyu suka tarar da mai karɓar takardu a tsaye, ya sa hatiminsa a aljihun tebur, makulli a hannu. Mahrus ya ajiye masa takardar yana haki.

Mutumin ya warware ta. Ya ɗaga ta sama. Ya leƙo su da ido ɗaya ta cikin ramin 'yar tsanar.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Hajja Fathiyya ta jawo kujera ta zauna, ta gicciye sandarta a bakin ƙofa.

"Ni ce. Ajiye makullin nan, ɗana, labarin da ɗan tsawo."

Agogon bango ya buga biyu.